Muryar Aro

Shekara goma sha ɗaya tana gindin gawon bayan gidanmu,
Landirobar Baba,
tayoyinta huɗu sun durƙushe kamar masu zaman makoki.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
zanzaro ya gina ɗaki a bakin kafireto,
yara na hawa su kama sitiyari,
su tuƙa ta da baki har Makka
su dawo kafin a kira azahar.

'Yan gwangwan sun zo sau uku da sikelinsu.
Na ƙarshen ya ƙwanƙwasa ƙofarta, yana lissafin kilo.
Inna Tabawa ta leƙo ta kan danga:
"Kai, a garinku a sikeli ake auna mutum?"
Ya naɗe buhunsa.

Bara riɗi ya yi albarka.
Daga Gujungu ban biya gida ba,
na ƙulle kuɗin a aljihun ciki, sai Ƙofar Ruwa,
inda injina ke kwance a ƙasa suna tsiyayar baƙin mai.
Na taya na dizal, ɗan Kwatano, silinda huɗu.
Mai shi ya rantse sifana ba ta taɓa taɓa shi ba.
Na ga sawun sifana a kowane noti.
Na biya.

Cindo ya karɓi aikin,
shi da yatsunsa shida da haƙurin mai jiran kifi.
Muka rataya sarƙa a reshen gawo,
muka zaro tsohon na fetur,
ya fito yana lilo, ƙishirwarsa ta ƙare.
Sabon ya sauka, ya ƙi zama.
Ramukan giyabos na duban gabas, nasa na duban wani gari.
Cindo ya auna da tsinken tsintsiya,
ya zana a bayan kwalin sukari,
ya hau acaɓa zuwa Jahun wurin mai walda,
ya dawo da farantin ƙarfe mai huji takwas.
Bakwai suka hau lafiya.
Na takwas ya ci mana kwana biyu
da fatar bayan yatsuna.

Lagireto ya yi kaɗan, muka nemo babba.
Salansa ta rasa hanya, muka lanƙwasa mata.
Tanki kuwa da muka ɗauraye,
tsatsa ta fito ja kamar gulbi a tsakar damina.

Ranar tayarwa, batir na aro ne daga mai cajin waya.
Cindo ya zuƙi mai da baki, ya tofar, ya zagi iskar da ke famfo.
Ya ce, riƙe hita, ƙirga goma.
Na murɗa.
Tari. Shiru. Tari.
Sai baƙin hayaƙi, sai ƙugi daga can cikin ƙirji,
ƙasa na rawa, tattabaru suka watse daga kan rumbu.

Inna ta fito da ludayi a hannu,
ta karkata kunne, ta daɗe.
"Ba muryarta ba ce.
Waccan tun daga kwanar rijiya nake jin ta,
in tashi in ɗora masa ruwa."
Ta koma madafi.

Ruwa ya sauka, hanyar fadamar Harbo ta zama kunu,
har tarakta ta kwana a ciki.
Na loda takin mutum tara,
na tura ƙaramar giya, ƙafa huɗu suka kama,
ta shiga laka har gindin ƙofa,
ba gaggawa, kamar sa mai sanin kuyya,
ta fita ɗaya gefen tana ɗiga.

Komai na sake mata ban da kujerar direba.
Ramin da zaman Baba ya bari yana nan,
ya fi ni faɗi kaɗan.

Jiya na yi dare a hanya.
Ina karyo kwanar rijiya
na hango wuta ta tashi a madafi.
Da na shiga, ruwa na kan murhu.
Inna ba ta ce komai ba,
ni ma ban tambaya ba.